Dodon gada ya hango salularmu



Maganar yau in ka ji ta sama-sama sai ka ce rigimar manya ce a can nesa, ina ruwan Yantala? Amma ku biyo mu a sannu, domin ƙarshenta aljihun mai sayen salula take zuwa.

In ka zaga teburan masu sayar da waya da masu gyara, daga kasuwar Yantala har cikin gari, sunaye uku ne za su fi cika maka ido: Tecno, Itel da Infinix. Duka ukun ɗiyan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Shi ne ya gane abin da muke so tun da wuri: waya mai sim biyu, batir mai jure ɗaukewar wuta, kyamara mai fitar da baƙar fata da kyau, da farashin da mai kabu-kabu zai iya. Da haka ya kame fiye da kashi 40 cikin 100 na kasuwar manyan wayoyi a Afirka.

To wannan kamfani yanzu sammaci yake sha. A shekarar 2024 kamfanin Philips na Holan da Qualcomm na Amurka sun kai shi babbar kotun Delhi a Indiya, suna cewa yana amfani da fasaharsu ba tare da biya ba. Shi da Qualcomm sun sasanta a farkon 2025. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Nuwamba, Ericsson na Suwidin ya shigar da tasa ƙara a Brazil da Indiya da kuma Najeriya. Wannan suna na ƙarshe ne ya sa muka ɗaga kunne. Da can irin wannan shari'a a Amurka da Jamus ake jin ta. Yau ga ta gidan maƙwabci, kuma Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mene ne ake rigima a kai? Wanda ya yi lakwal, in ya ji an ce brevet, jarrabawar ƙarshen kwaleji yake tunawa. Akwai wani brevet ɗin daban, wanda za mu kira takardar ƙirƙira. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai rubuta sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla, kowa ya iya karantawa. Ita kuma hukuma za ta ba shi shekara 20 wadda ba mai ƙera abin ko sayar da shi sai da izininsa. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa. Mu ƴan rediyo muna da misali a hannu: MP3 ɗin da muke aiko muku da shirye-shirye da shi, shekara da shekaru masu ƙera na'urori suna biya masa kuɗi, sai a 2017 aka daina karɓa saboda takardun sun ƙare.

Ciniki ne mai ma'ana, ba mu ja da shi. Wanda ya kwana yana tunani ya cancanci cin gumin goshinsa. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman Kané, wanda ya ƙago hanyar da mai lambu zai ba shukarsa ruwa daga nesa da salula, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na biyu a 2015, irinsa ne aka yi wa wannan doka. Duk mai lambu a bakin kogi, nan Corniche Yantala, ya san darajar irin wannan tunani.

Matsalar tana farawa ne daga nan: takardar ƙirƙira dukiya ce, ana sayar da ita, ana ba da hayarta kamar fili. Sai dai shi fili yana da iyaka da ake kafa wa dutse, in an yi gardama a je a auna. Iyakar takardar ƙirƙira kalmomi ne, kalmomi kuwa lauya na iya ja su yi tsawo kamar roba. Mu da muka san yadda rigimar fili ɗaya mai takarda biyu ke raba zumunci a Yamai, sai mu ƙiyasta yadda za ta kasance in babu dutsen iyaka sam. Kuma wayar zamani ba fili ɗaya ba ce. Wani ƙiyasi da kamfanin RPX na Amurka ya yi a 2011 ya ce takardu wajen 250,000 ne ke iya shafar waya guda.

Masu riƙe da waɗannan takardu ba ɗaya suke ba, kuma bai kamata mu haɗa su a tukunya guda ba. Akwai mai ƙirƙira shi kaɗai. Akwai manyan kamfanoni kamar Ericsson da Nokia da Qualcomm, waɗanda suka zuba kuɗi da injiniyoyi wajen ƙago 3G da 4G da 5G. Sannan akwai na uku: kamfanin da bai ƙago kome ba, bai ƙera kome ba, sana'arsa kawai sayen tsofaffin takardu da aika wasiƙar barazana. Amurkawa suna kiran irinsa da sunan wani dodo na tatsuniyar Turai mai ɓoyewa ƙarƙashin gada yana tare masu wucewa. Ku ɗauka wani ya sayi wata tsohuwar takarda, ya zo bakin gadar Kennedy ya ɗaura igiya, ya ce duk mai haurawa Harobanda sai ya biya shi, alhali ko bulo ɗaya bai ɗora a gadar ba. Wannan shi ne dodon gada.

Dabararsa lissafi ce. A Amurka shari'ar takardar ƙirƙira kan ci miliyoyin dala, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Sai dodon ya nemi abin da bai kai kuɗin lauya ba. Ko kana da gaskiya, biya ya fi maka sauƙi. Kuma ba ka iya rama masa da taka takarda, tunda ba ya ƙera kome da za ka ce ya taka maka haƙƙi.

Misalai suna nan. A watan Maris na 2006 kamfanin da ke ƙera BlackBerry ya biya wani ƙaramin kamfani mai suna NTP dalar Amurka miliyan 612.5, saboda tsoron kada kotu ta rufe masa aiki a Amurka baki ɗaya, duk da cewa ofishin takardun ƙirƙira na ƙasar ya riga ya fara soke ingancin wasu daga cikin takardun. A 2011 wani kamfani, Innovatio, ya bi otal-otal da shagunan shan kofi da dubban wasiƙu, yana neman dala dubu biyu zuwa biyar daga kowanne. Laifinsu? Sun sayi akwatin wifi a shago sun kunna wa baƙi. Da manyan masu ƙera akwatunan suka shiga maganar, wani alƙali a Chicago ya auna a 2013, ya ce haƙƙin bai kai santi 10 a kan kowace ƙwaƙwalwar wifi ba. Ku dubi tazarar: dubbai a wasiƙa, ƙasa da santi 10 a gaban alƙali.

Wanda ya fi taɓa mu ƴan makirfo shi ne na Personal Audio. A 2013 wannan kamfani ya ce shi ke da mallakar dabarar sakin shirye-shiryen murya kashi-kashi a intanet, wato abin da muke yi muku kullum. Ya kai masu shirye-shirye da gidajen talabijin ƙara. Wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet, EFF, ta yi karo-karo daga jama'a, aka tono tsofaffin shirye-shirye da suka riga takardar fitowa, a 2015 aka soke ginshiƙanta, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017. Masu saurare ne suka ceci masu magana.

Adalci ya sa mu faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Masu wannan sana'a suna cewa mai ƙirƙira talaka ba zai iya ja da Apple ko Samsung a kotu ba, gara ya sayar musu da takardarsa ya samu wani abu, su kuma su bi masa haƙƙi. Akwai gaskiya a ciki. Haka kuma kamfanonin da ke tara takardun mutane da yawa su ba da lasisi guda suna rage wa mai ƙera kaya yawo. Abin aunawa a wurinmu guda biyu ne: shin takardar tana da inganci, kuma shin kuɗin da ake nema ya yi daidai da amfanin ƙirƙirar, ko kuwa ya yi daidai da tsoron wanda aka tare?

Yaya kamfanonin fasaha suke yi da wannan dodo? Hanyoyinsu ne darasin da ya fi mana amfani.

Da yawa biya suke yi shiru, su zuba kuɗin cikin farashin kaya. Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa, ita ce kuma mai ƙara wa dodon ƙiba.

Wasu sun ce a'a. Newegg, mai sayar da kayan kwamfuta a intanet, ya ɗauki alkawarin ba ya sasantawa da irin waɗannan. Kamfanin Soverain ya ce shi ke da mallakar kwandon sayayya na intanet, ya karɓi kuɗi daga manya da dama, Newegg ya ja har kotun ɗaukaka ƙara, a 2013 aka rushe takardun. Cloudflare ya ƙara gaba: tun 2017, in aka kai shi ƙara, sai ya sa kyautar kuɗi ga duk wanda ya tono shaidar cewa abin da ake kira sabo an riga an san shi. A 2024 kamfanin Sable da ya kai shi ƙara ya sha kaye, ya biya Cloudflare dala 225,000, ya kuma saki takardunsa suka zama na kowa.

Wasu sun haɗa kai. A 2005 IBM da Sony da Philips da Red Hat da Novell suka kafa wata gamayya don kare manhajar Linux, wadda ita ce ƙashin bayan Android ɗin da ke wayoyinmu. A 2014 Google da Canon da wasu suka kafa LOT Network, da sharaɗi mai sauƙi: in takardar wani mamba ta faɗa hannun dodo, duk sauran mambobi sun samu lasisinta kai tsaye, ba zai iya cizon su da ita ba. Kamar adashi ne, amma na kariya, kuma ƙananan kamfanoni ba su biyan kuɗin shiga.

Wasu sun bi ta doka. A 2006 kotun ƙolin Amurka ta ce samun laifi kaɗai bai isa a hana kamfani sayar da kayansa kai tsaye ba, sai alƙali ya auna. A 2011 aka yi dokar da ta buɗe hanya mai sauƙi ta ƙalubalantar takarda a ofishin da ya bayar da ita. A 2017 aka taƙaita zaɓen kotu, domin kafin nan masu ƙara sun mai da gabashin jihar Texas gida: a 2015 fiye da kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan ƙararraki a can aka shigar da su. A ƙaramin garin Marshall har filin wasan ƙanƙara Samsung ya ɗauki nauyi a gaban kotu, kun san dai mutanen garin ne ke zama masu yanke hukunci.

Kada kuma mu ɗauka manyan nan waliyyai ne. A 2011 Apple da Microsoft da abokansu suka sayi takardu wajen 6,000 na kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyar 4.5. Bayan shekara biyu kamfanin da suka kafa don riƙe takardun ya kai Google da Samsung da wasu ƙara. Mai kukan an tare shi a wannan gada, shi ke riƙe da igiya a waccan.

Hanya ta ƙarshe ita ce tattara kaya. A 2022, bayan Nokia ya yi nasara a kotunan Jamus, Oppo ya daina sayar da wayoyinsa a ƙasar, sai da suka sasanta a 2024. Jamus tana da zaɓi da yawa. Mu in waya mai araha ta bar kasuwa, ko ta ƙara tsada, wa zai maye gurbinta?

A nan ne ra'ayinmu yake. Duk hanyoyin nan manya ne ke kare kansu da su. Ba wanda ke zaune a teburin da sunan mai sayen waya a Yantala. Ba mu cewa Transsion ya ci bulus. In yana amfani da fasahar wasu, ya biya, kuma masu ƙararsa na yanzu ba dodannin gada ba ne, sun yi aikin. Amma nawa? Masu fasahar da ta zama dole ga kowace waya sun yi alkawari a gaban hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai cewa za su ba kowa lasisi bisa adalci, a farashi mai ma'ana, ba nuna bambanci. Nokia ya bayyana cewa ba zai wuce yuro 3 a kan wayar 5G ba, wato kusan jikka biyu. Ericsson ya ce tsakanin dala 2.5 da 5. Wannan na kamfani biyu ne kawai, kuma masu layi suna da yawa. Jikka biyu a kan wayar jikka ɗari bakwai ba a jin ta. In aka ɗora irin wannan lissafi a kan wayar jikka arba'in, ana ji har cikin tukunya. Waya a wurinmu kuwa ba ado ba ce: da ita ake aika kuɗi ƙauye, da ita mai lambu ke jin farashin kasuwa, da ita kuke jin mu. In ba a yi hankali ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma inda manya suka buɗe hanya, ƙanana masu igiya suna biyowa. Kotunan yankinmu ba baƙi ba ne ga irin wannan. A Janairun 2014 babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci hukumar zaɓen Najeriya ta biya kamfanin Bedding Holdings naira miliyar 17 da ɗoriya, kan takardar ƙirƙira da ta shafi na'urorin rajistar masu zaɓe.

Mu a Nijar ƙofarmu ita ce OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Takarda ɗaya da aka samu a Yawunde tana aiki a Yamai da Bamako da Wagadugu da Kotonu lokaci guda, kuma mafi yawan masu nemanta daga wajen Afirka suke. Shekaru da dama ana ba da ita ba tare da zurfafa binciken ko abin sabo ne ba. Gyaran da aka sa wa hannu a Bamako a Disamban 2015 ya kawo bincike da damar ƙalubalanta. Amma damar ƙalubalanta ba ta da amfani in ba mai karanta mujallar da OAPI ke sanar da buƙatun a ciki.

Mun taɓa ɗanɗana wannan. A shekarun 2000 wani kamfanin iri mai zama a Senegal, Tropicasem, ya nemi OAPI ta ba shi takardar mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi. Albasar Galmi fa, wadda manoman jihar Tawa suka gada kaka da kakanni! Sai da ƙungiyoyin manoma da hukumomin ƙasa suka tashi tsaye sannan sunan ya tsira. Daga baya ne aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar asali a OAPI. Takardar iri ce, ba ta na'ura ba, amma darasin ɗaya ne: wanda ya riga ka zuwa ofis yana iya riga ka mallakar abin da ke cikin gidanka.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai.

Ga ƴan kasuwa, masu gyaran waya, masu wifi na unguwa da matasa masu rubuta manhaja: in wata rana wasiƙa ta zo da Faransanci mai kauri da tambari tana neman kuɗin brevet, kada tsoro ya sa ku biya a ɓoye. Ku nemi lambar takardar. Ku tambaya a wace ƙasa aka bayar da ita, domin takardar Amurka ko ta Faransa ba ta da ƙarfi a Yamai, sai wadda ta bi ta OAPI. Ku bincika ko shekara 20 ɗinta ta cika, ko an daina biya mata kuɗin shekara-shekara, domin in an daina ta mutu. Ku kai maganar ga ƙungiyarku da wanda ya sayar muku da kayan. Dodon gada mutum ɗaya-ɗaya yake so.

Ga masu ƙirƙira: kada ku yi gaggawar nuna sirrin a Facebook ko TikTok kafin ku je hukumar AN2PI da ke kula da wannan fanni a ƙasarmu, domin bayyana abu a fili na iya kashe sabuntarsa. In kuwa ba ku da niyyar neman takarda, ku rubuta shi ku wallafa da kwanan wata, ya zama shaida kada wani ya zo gobe ya ce nasa ne.

Ga Jami'ar Abdou Moumouni: ɗaliban shari'a da na kimiyya za su iya zama masu gadinmu. Ƙaramin rukuni da zai riƙa karanta mujallar OAPI, ya kuma rubuta sanin da muka gada a noma da kiwo da magani, ya fi lauya goma bayan an makara.

Ga alƙalai da hukumomi: kada a rufe shago ko a kama kayan ɗan tebur kafin a auna ingancin takardar. Mai rigima ya nemi wanda ya ƙera, ya bar wanda ya saya. Kuma Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu sassauci a wannan fanni har zuwa Yulin 2034. Lokacin shiri ne aka ba mu. Mu da sauran ƙasashen OAPI, mu yi magana da murya ɗaya kan cewa kuɗin lasisi ya dace da farashin wayar da talakanmu ke saya.

Mai ƙirƙira a biya shi, wannan haƙƙi ne. Mai igiya a bakin gada kuwa a tambaye shi takardarsa, a karanta ta a gaban jama'a. Ku tattauna wannan a fada wajen shan shayi, ku kai wa mai gyaran wayar unguwarku labari.

Allah shi kare mana ɗan abin da ke aljihunmu. Mu kwana nan, sai shiri na gaba.